Gaskiya ko Jita-jita: Tsokokin Ƙasan Ƙugu da Abin da Ake Gaya wa Mata

"Ai duk macen da ta haihu haka take." Da wannan magana ake rufe bakin mace idan ta yi ƙarfin hali ta ce fitsari yana kufce mata in ta yi tari, ko atishawa, ko ta sunkuya ta ɗauki yaro. Uwa tana faɗa wa 'yarta, maƙwabciya tana faɗa wa maƙwabciya, abin takaici kuma har a bakin wasu ma'aikatan asibiti ana jin ta. Da ku nake wannan magana, ku da mata ke biyowa ta hannunku: ungozomomi, ma'aikatan jinya, jami'an lafiya na ƙananan asibitoci, likitocin fisiyo, da masu horar da mata a gidajen motsa jiki da suka yawaita yanzu a biranenmu. Maganganun da ke yawo a kan wannan sashe na jikin mace suna da yawa. Wasu daga tsakar gida suka fito, wasu daga waya, wasu kuwa daga wajenmu.

Ƙashin ƙugu a buɗe yake ta ƙasa. Abin da ya rufe wurin shi ne tarin tsokoki da jijiyoyi da suka tashi daga ƙashin mara ta gaba har zuwa ƙarshen ƙashin baya. A kansu mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke zaune, kamar yaro a cikin zanen goyo: in zanen ya ɗauru daidai yaro na nan daram, in ya saki sai ya zame ƙasa, in kuma aka tamke shi fiye da kima daga uwar har ɗan ba mai sakewa. Hanyoyi uku ne suka ratsa ta cikin waɗannan tsokoki, ta fitsari da farji da dubura. Aikinsu su riƙe lokacin riƙewa, su saki lokacin saki, kuma tare suke aiki da numfashi da tsokokin ciki da na baya.

"Duk wadda ta haihu haka take"

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin matsalar ta yaɗu ƙwarai, kuma haihuwa ce babban sanadinta. A 2004 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka kwaikwayi yadda kan jariri ke ratsa ƙugu a kwamfuta, suka ga akwai ɓangaren tsokar da sai ya miƙe ya ninka tsawonsa fiye da sau 3 kafin kan ya wuce. To ina ga matar da ta yi wannan sau 7 ko 8, wani zubin ma da kwanika, jiki bai gama komawa ba wani cikin ya shiga?

Inda maganar ta zama jita-jita shi ne abin da ake nufi da ita, wato ki haƙura, ba shi da magani. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci da tace su, ta duba gwaji 31 da aka yi da mata 1,817 a ƙasashe 14. Cikin matan da fitsari ke kufce wa lokacin tari ko ɗaukar kaya, kashi 56 cikin 100 na waɗanda aka horar da tsokokinsu sun ce sun warke. Cikin waɗanda ba a horar ba, kashi 6 ne kawai. Da wata ƙwaya ce ke yin wannan aiki, da tuni an cika kemis da ita.

Ku dubi abin da haƙurin ke ci mata. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina zaman biki, in ta je asibiti a bakin benci take zama. Kullum da tsumma a jikinta, kullum cikin turare da fargabar kada a ji wari. Sallarta ta cika da kokwanto. Alhali Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, fiye da shekara 1,000 ke nan da ta ambaci mai salisul bauli ta faɗi yadda zai yi da alwalarsa. Abin da malaman fiƙihu suka kira da sunansa a gaban almajirai, bai kamata ɗakin awo ya fi su jin nauyinsa ba.

Mace kuwa ba za ta fara ɗauko zancen ba. In kika ce mata "Akwai wata matsala?" amsar da za ki samu ita ce "Lafiya lau, Sista." Amma ki rage murya ki ce: "Hajiya, mata da yawa bayan haihuwa in sun yi tari ko dariya sukan ji ɗan fitsari ya fito. Ke ma kina gani?" Kin riga kin gaya mata ba ita kaɗai ba ce, kin kuma ɗauke mata nauyin furta kalmar. Abin da ya rage mata ta gyaɗa kai.

"Yoyon fitsari duk ɗaya ne"

Wannan ce jita-jitar da ta fi haɗari a ƙasarmu, kuma a kanta zan fi daɗewa. Akwai wadda fitsari ke kufce wa sai in ta yi tari, ta yi tsalle ko ta ɗaga kaya. Wannan raunin tsoka ne da abin da ke tallafe hanyar fitsari. Akwai wadda fitsari ke matsa wa farat ɗaya, kafin ta kai bayi ya zubo, ga yawan tashi cikin dare. Ita mafitsararta ce ke matsewa ba lokacinta ba. Sau da yawa irin waɗannan matan sun shekara suna shan maganin "sanyi" daga kemis ba tare da an taɓa gwada fitsarinsu ba. Idan gwaji ya nuna ba ƙwayar cuta, abin da suke buƙata shi ne horar da mafitsara na aƙalla mako 6, ana ƙara tazara tsakanin fitsari da fitsari a hankali, tare da rage shayi da kofi da goro. Akwai kuma wadda mafitsararta ba ta juye duka, sai ta cika ta riƙa ɗiga. Ita in aka ce ta yi ta matsewa an ƙara mata wahala.

Sannan akwai wadda fitsari ke tsiyaya mata dare da rana, a zaune ko a kwance, ba ta ma jin zuwansa. Labarinta kusan iri ɗaya ne: naƙuda ta kwana 2 ko 3, jaririn yawanci bai zo da rai ba, bayan 'yan kwanaki ta ga shimfiɗarta a jiƙe. Kan jaririn ne ya danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe. Wani lokacin har ta ɓangaren dubura. Wannan huji ne, kuma babu yawan atisayen da zai rufe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa fiye da mata miliyan 2 ne ke rayuwa da shi a Asiya da Afirka kudu da Sahara.

Rarrabewar ba ta da tsada. Ana sa robar fitsari, a zuba ruwa mai shuɗin launi a mafitsara, a sa auduga a farji. In audugar ta yi shuɗi, akwai huji a mafitsara. In ta jiƙe amma ba launi, sai a zargi bututun da ke saukowa daga ƙoda, wanda akan ji wa rauni a wajen tiyata.

Ana yawan cewa wannan huji ciwon ƙananan yara ne da aka aurar da wuri. Ƙarancin shekaru da ƙaramin ƙugu suna ƙara haɗari, wannan ba musu. Amma mai 'ya'ya 6 ma tana samu in jariri ya zo a gicciye ko ya yi girma. Tushen abin shi ne naƙudar da ta tsaya ba a kai ga tiyata a kan lokaci ba. A wani bincike da aka buga a 1983 kan mata 1,443 da aka gani a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kashi 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri ne, wato askar da wanzami ko ungozomar gida ke sawa a gaban mace da sunan buɗe hanya. Askar kan zarce har cikin mafitsara.

Masu cewa ba a warkewa, su ma ba su faɗi gaskiya ba. Tun 1974 Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe asibitin yoyon fitsari a Addis Ababa ta Habasha. A nan gida, likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980, wurin da yanzu ya zama cibiya ta ƙasa, da 'yan uwanta a Ningi da Abakaliki. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala a Kano, akwai ta Jahun a Jigawa, akwai ta Danja kusa da Maraɗi. Wani abu da aikin Waaldijk ya nuna, wanda ya kamata kowace ungozoma ta riƙe, shi ne in aka sa robar fitsari da zarar an ga yoyon, aka bar ta 'yan makonni tana shan ruwa sosai, wasu ƙananan hujin sukan rufe da kansu ba tare da ɗinki ba. Don haka kada a ce ta koma gida sai ta yi arba'in.

Bayan ɗinki ne aikin likitan fisiyo ke fitowa fili. Hujin yakan rufe amma fitsari ya ci gaba da kufcewa, saboda hanyar fitsarin ta gajarce ko tsokar ta yi rauni. Wasu kuma suna jan ƙafa ɗaya, tafin ba ya ɗagawa, saboda jijiyar da kan jariri ya danne ko daɗewa a durƙushe. Matar da ta yi watanni a kwance a ɗaki saboda kunya, gaɓoɓinta sun riƙe. Duk waɗannan aikin sashen gashin ƙashi ne, wato fisiyo, kuma a ganina cibiyar da ke ɗinki amma ba ta da mai wannan aiki ta bar matar a rabin hanya.

"Ki riƙa matsewa, shi ke nan"

Wannan tamu ce, mu ma'aikata. Ana faɗarta a tsaye, a bakin ƙofa, mai jego tana haɗa kayanta. Atisayen da ake kira da sunan Kegel ya samo sunan ne daga Arnold Kegel, likitan mata a Amurka da ya wallafa aikinsa a 1948. Kafin shi, a 1936, Margaret Morris, mai koyar da rawa da ta karanci fisiyo a Ingila, ta riga ta rubuta yadda za a matse a kuma saki waɗannan tsokoki. Abin lura shi ne Kegel bai taɓa tsayawa a faɗa da baki ba. Yana dubawa da hannu, har na'ura ya ƙera da mace za ta ga ƙarfin matsewarta da idonta.

A 1991 aka gwada abin da faɗa da baki kaɗai ke haifarwa. Mata 47 aka yi wa taƙaitaccen bayani, sannan aka auna. Kashi 49 cikin 100 ne suka yi daidai. Kashi 25 kuwa yunƙuri suke yi zuwa ƙasa, abin da zai iya ƙara musu yoyon. Ke nan cikin mata 4 da muka sallama da "ki riƙa matsewa", akwai yiwuwar ɗaya ta je gida tana ɓata abin da muke son gyarawa, kuma in ba ta ga sauƙi ba kanta za ta zarga.

Koyarwar gaskiya tana buƙatar minti 10 da labule. Ta kwanta rigingine ko ta gefe, gwiwoyi a lanƙwashe. Ki ce: "Yaya, ki yi kamar iska za ta fita a cikin mutane kin riƙe ta. To ki ja wurin sama, zuwa gaba. Kada ki riƙe numfashi, ki ƙirga da ni." Ki sa ido. In ta ɗaure fuska ta daina numfashi, in ta matse ɗuwawu ko ta haɗe cinyoyi, in cikinta ya turo, ba wurin ta kama ba. In ta yi daidai za ki ga fatar da ke tsakanin farji da dubura ta shige ciki, in ta saki ta dawo. Dawowar nan ki kula da ita kamar yadda kika kula da shigewar. Wadda aka horar a kan duba ta ciki za ta iya sa yatsa, bayan ta yi bayani ta nemi izini, ta auna ƙarfin daga 0 zuwa 5. Mai horarwa a gidan motsa jiki ba huruminta ba ne ta yi wannan, nata ta tambaya ta tura.

Sai adadi. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ce aƙalla matsewa 8, sau 3 a rana, na aƙalla wata 3, ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin. Ana fara riƙewa gwargwadon iyawa, ko daƙiƙa 2 ce, a hau har zuwa 6 ko 8, a huta kamar haka tsakani. Daga kwance a koma zaune, daga zaune a koma tsaye, domin a tsaye fitsarin ke kufcewa. Mantuwa ce babbar matsala, shi ya sa nake son a ɗaura shi a kan abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar asuba da azahar da isha'i. Akwai kuma wata dabara da ke aiki tun kafin tsoka ta yi ƙarfi: ta matse kafin tarin ya fito, ta riƙe har ya wuce. A wani ƙaramin gwaji na 1998 a Michigan, cikin mako ɗaya wannan dabara ta rage fitsarin da ke fita lokacin tari mai ƙarfi da kashi 73 cikin 100.

Shawarar nan ta cewa a riƙa tsayar da fitsari a tsakiya kullum a matsayin atisaye, a daina ba da ita. Tana hana mafitsara juyewa yadda ya kamata.

"Matsi shi ne lafiyar mace"

Kasuwar kayan mata a kan wannan magana ta ginu. Alimun, bagaruwa, haɗe-haɗen da ake tallatawa a Facebook da TikTok, duk alkawarinsu ɗaya. Abin da suke yi shi ne busar da fatar ciki su tattare ta na ɗan lokaci. Ba sa kai wa ga tsoka. Abin da sukan bari shi ne ƙaiƙayi, ƙuna, rikicewar ƙwayoyin da ke kare wurin, wani lokacin tabon da ke tsuke hanya har sai an yi aiki.

Tsokar da ta ƙanƙame ba ta iya saki, ita ma mara lafiya ce, kuma yawanci ba ta da ƙarfi. Alamunta zafi lokacin saduwa, wahalar fara fitsari, taurin bayan gida, ciwon mara da aka yi hoto ba a ga komai ba. Ku tuna da amaryar da aka yi watanni miji bai iya kusantarta ba. A gida za a ce taurin kai ne, ko aljani, ko angurya, ko gishiri, daga nan sai wajen wanzami. Alhali tsokokin ne ke damƙewa da kansu ba da son ranta ba, tsoron zafin kuma yana ƙara damƙe su. Irin wannan yarinya in aka ba ta atisayen matsewa an ƙara mata ciwo. Abin da take buƙata shi ne a fara tabbatar ba wata cuta ko toshewa, a koya mata numfashin ciki da sakin wurin, a bi da ita mataki-mataki da sandunan faɗaɗawa daga ƙarami zuwa babba, a kuma zaunar da mijin a yi masa bayani da mutunci. Ana warkewa. Mai shayarwa kuma da ke jin zafi, sau da yawa bushewa ce ta raguwar sinadarin mata, ko tabon ƙari, kuma man shafawa na saduwa da tausar tabon suna taimakawa.

"Tiyata tana kare ƙugu", "atisaye yana hana haihuwa sauƙi"

Ta farko a bakin 'yan boko ake jin ta. A Norwe an bincika mata fiye da 15,000, aka buga sakamakon a 2003. Cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kashi 10 cikin 100 suna da kufcewar fitsari. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata, kashi 16. Cikin waɗanda suka haihu da kansu, kashi 21. Tiyata tana ragewa, ba ta kawarwa, domin ɗaukar cikin kansa nauyi ne a kan tsokar. Wannan bai isa dalilin zaɓar tiyata ba, haka kuma wadda aka yi wa tiyata ita ma a tambaye ta. A ƙauyukanmu matsalar akasin haka ce, gudun tiyatar ake yi har naƙuda ta yi ɓarna.

Ta biyu jita-jita ce zalla. A birnin Trondheim na Norwe an raba masu cikin fari 301 gida biyu. Waɗanda aka horar na mako 12, kashi 20 cikin 100 ne ke yoyo wata 3 bayan haihuwa, sauran kuwa kashi 32. Da aka duba naƙudarsu, waɗanda aka horar sun fi ƙarancin daɗewa a matakin yunƙuri. Tsokar da mace ta san inda take, ta fi iya sakinta.

A ɗakin haihuwa ma akwai rigakafi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 ba ta yarda a riƙa yi wa kowace mai haihuwar fari ƙari ba, ba ta kuma yarda da danna ciki daga sama don turo jariri ba. Ta ƙarfafa ɗumama wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi lokacin da kai ke fitowa. A tabbatar mai jego ta yi fitsari cikin awa 6. In ta ƙaru, a duba da kyau ko yagewar ta kai tsokar dubura, domin wadda aka ɗinke fatarta aka bar tsokar a yage, ita ce za ta dawo iska da bayan gida suna kufce mata, kuma wannan ta fi jin kunyar faɗa fiye da fitsari.

"Mai motsa jiki ba ruwanta da wannan"

A 1994 aka tambayi 'yan wasa mata 144 a wata jami'ar Amurka, matasa da ba su taɓa haihuwa ba. Kashi 28 cikin 100 sun ce fitsari yana kufce musu a wajen wasa. A Suwidin, cikin 'yan mata 35 masu gasar tsalle a kan shimfiɗar roba, kashi 80 ne. Don haka in budurwa ta kawo wannan kuka, kada kowa ya kalle ta da wata fassara. Malama mai horarwa, in ɗalibarki kullum sai ta gudu bayi kafin tsallen igiya, ko ta zame daga layi in an zo wurin, kira ta gefe ki tambaya. Ba a ce ta daina motsa jiki ba. A rage tsallen, a koya mata fitar da numfashi lokacin ɗaga nauyi maimakon riƙe shi, a tura ta a duba ta. Ga mai jego, jagorar da wasu likitocin fisiyo na Birtaniya suka fitar a 2019 ta ce a jira aƙalla wata 3 kafin a koma gudu. Bel ɗin matse ciki da ake ɗaurawa don tumbi ya koma ba ya gina tsoka, in ya yi tsanani ma ƙasa yake tura nauyin.

Jego

Al'adarmu ta jego tana da abin da ƙasashe da yawa ba su da shi: kwana 40 na hutu, uwa ko gwaggo tana kula da mai jego, ana ciyar da ita, an ɗauke mata aiki. Wannan alheri ne ga ƙugu, a riƙe shi. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa tafasasshen ruwa ne ke mayar da mace. Zama a ruwan ɗumi yana rage raɗaɗi, amma ruwan da ke ƙona fata ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, yana ma iya lalata ɗinki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa. Matsewa a hankali kuwa ana iya fara ta cikin kwanakin farko in haihuwar ba ta zo da matsala ba. Ranar arba'in kuma ba ranar gama warkewa ba ce, jiki yana ɗaukar watanni. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce. A gaya wa dangi da miji cewa daka da surfe da ɗebo ruwa a koma musu a hankali.

"In mahaifa ta zazzago sai an cire ta"

Tsoron wannan ne ke sa mata ɓoyewa har abin ya fito waje ya yi gyambo. Farkonsa nauyi ne a mara da ke ƙaruwa da yamma, sai ta ji wani abu ya leƙo in ta tsuguna. Ba ciwon daji ba ne, kuma sau da yawa ba mahaifar ba ce ma, mafitsara ce ko hanji ya turo bangon farji. Wani gwaji da mata 447 a Birtaniya da Ostareliya da New Zealand, wanda aka buga a 2014, ya nuna horar da tsoka mace da mai koya mata yana rage alamun. NICE ta ce a ba shi aƙalla mako 16 ga zazzagowar da ke mataki na 1 ko na 2. Akwai kuma zoben roba da ake sawa ya tallafe, ana cire shi a wanke lokaci-lokaci, wanda ya dace da mai son ƙara haihuwa da tsohuwar da ba za ta jure tiyata ba. Amma mu faɗi gaskiya, wadda tata ta fito waje gaba ɗaya atisaye ba zai mayar da ita ba, likitan mata take buƙata.

Komai aka zaɓa, sai an rage abin da ke dannowa daga sama: tarin da hayaƙin itace ke jawowa, yunƙurin bayan gida, kaya a ka, da ƙiba. A wani gwaji na 2009 a Amurka, matan da suka rage kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu, kufcewar fitsarinsu ta ragu da kashi 47. Tsugunon da muka saba a bayi yana sauƙaƙa fitar bayan gida, mai masan zama sai ta sa ɗan abin taka ƙafa. Masu rage shan ruwa don kada su jiƙe kuwa, fitsarinsu ne ke yin kauri ya tsokani mafitsara, bayan gida ya yi tauri. Tsufa ma ba ya hana tsoka amsa horo, Iya mai shekara 70 a koya mata kamar kowa.

A Faransa inshorar lafiya ta gwamnati tana biya wa mai jego zama 10 na horar da waɗannan tsokoki a wajen ungozoma ko likitan fisiyo. Mu ba mu da yawan likitocin fisiyon da za su ɗauki wannan, waɗanda ke akwai ma galibi a manyan asibitocin birni suke. Amma matar tana zuwa mana da ƙafarta. Tana kawo jariri rigakafi a mako na 6, da na 10, da na 14, sannan ta dawo a wata na 9 don allurar ƙyanda. A zuwan farko a tambaye ta, a rarrabe irin yoyon, a koya mata a bayan labule. A na biyu da na uku a duba ko tana yi daidai, a ƙara mata adadi. Wadda ke tsiyaya dare da rana, ko bayan gida ke kufce mata, ko ta ga jini a fitsari, a rubuta mata takardar turawa a ranar. Wadda ta kai wata na 9 ba ta ga sauƙi ba, ita ma a tura ta wajen likitan fisiyo ko likitan mata.